GWAJIN REDIYO MAI HAƊA MAGANA DA KANSA

Darasi domin Hakimai da Malamansu

1. Dalilin wannan darasi

Ko wane Hakimi ya san ranar da labari ba ya jira. Ruwa ya ci gada, ko annoba ta ɓulla a wani ƙauye, ko gobara ta tashi a kasuwa, tilas labari ya kai fada kafin gari ya waye. Wayar hannu tana yin wannan aiki muddin turakunta suna tsaye kuma suna da wuta. In turakun sun tsaya, wayar ta zama kayan ado. An ga haka cikin 2013 a Borno da Yobe da Adamawa, an kuma gani cikin watan Satumba na 2021 a Zamfara, sa'ad da a ka rufe layukan waya saboda sha'anin tsaro.

Akwai wata hanyar magana wadda ba ta bukatar turke ko igiya tsakanin mai magana da mai ji, watau rediyon gajeren zango irin na aika magana da karɓa. Shi ne a kan gani da doguwar eriya a motocin ƙungiyoyin agaji. Irin na zamanin nan yana zaɓen mita da kansa, ya kira abokin maganarsa da kansa, ma'aikaci dai ya danna sunan wanda ya ke nema. Turawa sun taƙaita sunan wannan dabara da haruffa uku, ALE. Wannan darasi ya bayyana yadda dabarar ta ke aiki, da yadda masana su ke gwada ta, da abin da ya kamata Hakimi da malaminsa su duba kafin su dogara da ita. Gama sayen irin wannan na'ura ba tare da gwaji ba cinikin biri a sama ne.

2. Yadda magana ke tafiya a gajeren zango

Ranar 12 ga Disamba 1901 Marconi ya ba da labari ya ji alamar harafin S a Newfoundland, an aiko ta daga Poldhu a Ingila, nisan fiye da mil 2,000. Masana suka yi mamaki, domin duniya a dunƙule ta ke, saƙon rediyo kuwa miƙe ya ke tafiya. Cikin 1902 Kennelly a Amurka da Heaviside a Ingila suka ce lalle akwai wani rufi a sama mai komo da saƙon ƙasa. Cikin 1924 Appleton ya tabbatar da haka, ya auna tsawon rufin ya sami kimanin mil 60. Saboda wannan bincike a ka ba shi lambar Nobel cikin 1947.

Rufin nan, wanda a ke kira ayonosfiya, iska ce siririya wadda hasken rana ya ke sa wa ƙarfin lantarki. Kamar bene ya ke mai hawa uku. Hawan ƙasa, kimanin mil 40 zuwa 55, da rana kaɗai ya ke samuwa, aikinsa kuwa shanye saƙo. Hawan tsakiya yana wajen mil 60 zuwa 90. Hawan sama yana daga mil 100 zuwa 250 ko fi, shi ne kuwa ya fi komo da saƙon da ya ke tafiya nesa.

Gajeren zango ya kama daga mita 100 zuwa mita 10. Tun da ya ke rana ce ta ke gina rufin, mitar da za ta yi aiki tana sakewa da sakewar rana. Da tsakar rana mitoci masu ƙaramar lamba, kamar 19 da 16, su ke kai magana nesa. Da dare sai a koma masu babbar lamba, kamar 49 da 60. Dattawan da suka saurari sashen Hausa na BBC, wanda a ka buɗe cikin 1957, sun san haka a aikace, gama mitar safe dabam ta ke da ta rana. Bayan wannan akwai sakewar rani da damina, akwai kuma baƙaƙen ɗigo a fuskar rana waɗanda su ke yawaita su ragu cikin kimanin shekara 11. Sun ragu ƙwarai cikin 2019, suka yawaita cikin 2024.

3. Wahalar ma'aikacin da

A da, haɗa magana a gajeren zango sana'a ce ta gwanaye. Tashoshi biyu su kan yi alkawarin lokaci da mita, ma'aikaci ya zauna da abin ji a kunne, ya yi ta kira. In ba amsa ya koma mita ta biyu, da fatan abokinsa ma ya koma can a daidai lokacin. Sau da yawa su kan yi saɓani, wannan yana kira a nan, wancan yana saurare a can. In gwanin ya yi rashin lafiya ko an yi masa canji, tashar ta kurumce ke nan har a sami wani.

Sa'ad da ƙananan kwamfutoci suka samu, sai masu ƙera rediyo suka fara sa su cikin na'urorinsu. Cikin shekarun 1980 kamfanin Rockwell Collins ya fito da tasa dabara mai suna Selscan, Harris ya fito da Autolink, Rohde & Schwarz na Jamus ya fito da ALIS. Ko wace tana aiki, amma ba wadda ta ke jin harshen 'yar'uwarta. Ma'aikatun gwamnatin Amurka suna da rediyo iri iri, a ka ga ran da masifa ta auku ba za su iya kiran juna ba. Cikin tsakiyar shekarun 1980 a ka sa cibiyar bincike ta MITRE ta duba al'amarin. Daga nan a ka tsara ƙa'ida guda: ta soja cikin 1988, mai lamba MIL-STD-188-141A, da ta sauran ma'aikatun gwamnati cikin 1990, mai lamba FED-STD-1045. Masu ƙera rediyo na ƙasashe da yawa suka bi ta.

4. Yadda rediyon ke aiki

Aikin ya rabu kashi huɗu.

Na fari, kewaya. A kan ba ko wace ƙungiyar tashoshi waɗansu mitoci ƙididdigaggu, a ce goma, ko wace a kira ta layi. Rediyon da ba ya magana yana bin layukan nan ɗaya bayan ɗaya yana saurare, layi 2 ko layi 5 cikin daƙiƙa guda. Misalinsa kamar dogari ne mai kewaya ƙofofin gari goma. Baƙon da ya tsaya a ƙofa ɗaya tilas ya yi ta sallama har dogarin ya kewayo. In ana bin layi 2 a daƙiƙa, kewaye guda daƙiƙa 5 ne, saboda haka kiran bai kamata ya gaza haka ba. In ana bin layi 5, daƙiƙa 2 ke nan.

Na biyu, shela. Loto loto, kamar sau ɗaya a sa'a, ko wace tasha ta kan faɗi sunanta a bisa layukan. Waɗanda suka ji su kan auna yadda sautin ya iso, su ba shi maki, su ajiye cikin ƙwaƙwalwarsu. Ta haka ko wane rediyo yana da jadawali na layin da ya fi kyau zuwa ko wace tasha a wannan lokaci.

Na uku, sallama. Ma'aikaci ya danna sunan tashar da ya ke nema. Rediyonsa ya ɗauki layin da ya fi maki, ya saurara ya tabbata ba kowa a kai, sa'an nan ya aika: zuwa ga wane, ni ne wane. Wanda a ka kira ya tsai da kewaya ya amsa. Mai kira ya sake aikawa ya shaida ya ji amsar. Sai bayan matakin nan na uku rediyon biyu su ke buɗe lasifika su yi ƙara don ma'aikata su fara magana. Dalilin mataki na uku shi ne, a gajeren zango ya kan yiwu Audu ya ji Garba, Garba bai ji Audu ba. In ba amsa, rediyon ya koma layi na biyu a maki, har ya dace ko layukan su ƙare.

Na huɗu, tsare saƙo daga kuskure. Harshen da rediyon su ke yi da juna muryoyi takwas ne, kamar na sarewa, daga mai kaɗawa 750 a daƙiƙa zuwa mai kaɗawa 2,500, tsakanin ko wace da ta kusa da ita 250. A kan aika murya 125 a daƙiƙa, watau ko wace tana ɗaukar kashi 8 cikin 1,000 na daƙiƙa. Ko wace kalma tana ɗauke da harafi uku na sunan tasha, suna kuwa yana iya kai harafi 15. A kan ƙara wa kalmar waɗansu alamu na lissafi bisa hanyar da Marcel Golay ya gano cikin 1949, wadda ta ke gyara kuskure uku cikin ko wane alamu 24. Malamin haraji ya san irin wannan hikima, domin ita ce ta sa a ke rubuta kuɗi da lamba a kuma rubuta da kalmomi. Bayan haka a kan maimaita ko wace kalma sau uku, mai karɓa ya ɗauki abin da biyu suka yarda a kai, kamar shaidu uku a gaban alƙali. Duk wannan bai kai rabin daƙiƙa ba ga kalma guda.

5. Gwaji na fari: cikin ɗaki

Wuyar gwada rediyon gajeren zango ita ce samaniya ba ta zama ɗaya. In an gwada rediyon wani kamfani ran Litinin, na wani ran Talata, ba a san ko bambancin da a ka gani na rediyo ne ko na sama ba. Kamar a sukwani doki ɗaya a kan fako, ɗaya cikin rairayi, sa'an nan a ce an san wanda ya fi gudu.

Maganin wannan ya fito daga cibiyar binciken sadarwa ta gwamnatin Amurka da ke Boulder a jihar Colorado. Can Clark Watterson da abokan aikinsa biyu suka auna saƙonnin da a ke aikowa daga jihar Illinois, nisan kimanin mil 800, suka tsara lissafin abin da sama ta ke yi wa saƙo, suka buga shi cikin 1970. Da lissafin nan a ke gina na'urar kwaikwayon sama. A kan haɗa rediyo biyu da igiya cikin ɗaki guda, na'urar tana tsakani, tana ɓata saƙon da abu uku. Na ɗaya hayaniya, irin shuuu ɗin da a ke ji a akwatin rediyo. Na biyu amsa-kuwa, domin saƙo ya kan iso ta hanya biyu, ɗaya ta riga ɗaya. Na uku dusashewa, watau sauti ya yi ƙarfi ya yi rauni. Mai gwaji yana iya saita ko wanne yadda ya so, ya kuma maimaita shi gobe daidai wa daida ga wani rediyo.

Ƙa'idar ta ajiye yanayi uku da abin da a ke bukata a ko wanne. A yanayin hayaniya kaɗai, in ƙarfin saƙo ya yi daidai da na hayaniya, tilas kira 95 cikin 100 su haɗu. A yanayin sama mai kyau, inda amsa-kuwa ta ke makara kimanin rabin kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, dusashewa kuma tana tafiya a hankali, kamar sau ɗaya cikin daƙiƙa 10, sai saƙo ya fi hayaniya ƙarfi kamar sau 7 za a nemi 95 ɗin. A yanayin sama mara kyau, inda amsa-kuwa ta kai kimanin kashi 2 cikin 1,000, dusashewa kuma kamar sau ɗaya a daƙiƙa, sai ya fi ta kamar sau 12 ko 13. Masana suna rubuta waɗannan da ma'aunin desibel: 0, da 8.5, da 11. An kuma ajiye ma'auni na kira 25 da 50 da 85 cikin 100, don a ga yadda rediyon ya ke gazawa sannu sannu in saƙo yana raunana.

Yawan kira yana da muhimmanci. Wanda ya kira sau 10, 9 suka haɗu, bai san ko rediyonsa mai 85 ne ko mai 95 ba, gama dace kaɗai yana iya kawo wannan. Saboda haka a kan sa kwamfuta ta yi ta kira sau da yawa a ko wane yanayi, tana ƙidaya waɗanda suka haɗu da daƙiƙoƙin da ko wanne ya ci.

6. Gwaji na biyu: jituwa

Rediyo yana iya cin gwajin ɗaki da ɗan'uwansa na kamfani ɗaya, ya kasa da na wani kamfani, domin masu ƙerawa biyu su kan karanta ƙa'ida guda su fahimce ta dabam dabam. Wannan ya jira amsa daƙiƙa kaza, wancan ya makara kaɗan, sai magana ta ƙi haɗuwa alhali ko wanne lafiya lau ya ke.

Hanya biyu a ke bi. Ta ɗaya ita ce a gwada ko wane rediyo da ma'auni guda, yadda a ke gwada mudun 'yan kasuwa da mudun hukuma. Cikin shekarun 1990 cibiyar Boulder ta shirya faifai mai ɗauke da muryoyin kira tsararru bisa ƙa'ida, wanda a ke kunna wa rediyo a ga ko zai amsa inda ya kamata, ya kuma yi shiru inda ya kamata. Yin shirun ma gwaji ne, domin rediyon da ya ke amsa kiran wani, ko ya ɗauki hayaniya kira ce, ya fi wanda ba ya ji haɗari. Hanya ta biyu ita ce a tara rediyon kamfanoni a sa ko wanne ya kira ko wanne. In iri 4 ne, ko wanne ya kira sauran 3, haɗi 12 ke nan, gama Audu ya kira Garba dabam ya ke da Garba ya kira Audu. Sojan Amurka suna da ma'aikatar irin wannan gwaji a Fort Huachuca cikin jihar Arizona.

7. Gwajin riƙe magana

Haɗa magana rabin aiki ne, sauran rabin shi ne riƙe ta. Layin da ya yi kyau da la'asar yana iya mutuwa da magariba ana cikin magana. A tsarin 1988, in layi ya yi shiru na wani lokaci, galibi kamar rabin minti, rediyon biyu su kan saki juna su koma kewaya, don kada tasha ta maƙale a mataccen layi ana nemanta a wani. Sai mai kira ya sake kira, rediyonsa ya nemi wani layi.

Cikin 1999 a ka fito da tsari na gaba, mai lamba MIL-STD-188-141B, ƙungiyar NATO kuma tana da irinsa mai lamba STANAG 4538. A wannan tsari agogon tashoshi duka ɗaya ne, galibi ana saita shi da taurarin ɗan'adam na GPS, saboda haka mai kira ya san layin da abokinsa ya ke a ko wace daƙiƙa, ba sai ya yi doguwar sallama ba. Tashoshin suna kuma iya gaya wa juna su koma wani layi in wanda su ke kai ya lalace. An sake gyara ƙa'idar cikin 2011 da 2017 domin aika rubutu da yawa da sauri.

Masu gwaji su kan haɗa magana, sa'an nan su raunana saƙon da gangan, su duba daƙiƙa nawa rediyon ya yi kafin ya lura, da nawa kafin magana ta komo. Su kan sa wata tasha ta yi kutse a layin. Su kan yanke wuta su mayar, su ga ko jadawalin maki yana nan. A sabon tsari su kan cire eriyar GPS su ga abin da zai faru in agogo ya kauce. Su kan kuma gwada tazarar shela, domin in ta yi nisa makin ya tsufa ya yaudari rediyon, in ta yi kusa tashoshi su cika layi da shelarsu, batir kuma ya ƙare.

8. Abin da ya shafi ƙasar nan

Abu uku sun sa takardar shaidar gwajin wata ƙasa ba ta isa a nan ba.

Na fari, layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa ta Nijeriya. A ƙasashen da ke kusa da wannan layi, bayan faɗuwar rana hawan sama na rufin ya kan rikice, ya daina komo da saƙo sumul. An fara ba da labarin haka cikin 1938 daga tashar Huancayo a ƙasar Peru. Cikin shekara ta 2000 Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta fitar da yanayin gwaji na sassan duniya dabam dabam. A nata lissafin, rikitacciyar sama ta irin waɗannan ƙasashe tana da amsa-kuwa mai makarar kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa, da dusashewa mai saurin da ya ninka na yanayi mara kyau na ƙa'idar Amurka sau 10. In an tuna ko wace murya ta kira kashi 8 kaɗai ta ke ɗauka, za a ga amsa-kuwar ta kusa rufe muryar da ke biye.

Na biyu, tsawa. Ko wace walƙiya tana aika ƙara ta rediyo har nesa, Afirka ta tsakiya da ta yamma kuwa suna cikin wuraren da walƙiya ta fi yawa a duniya. Ƙarar ta fi damun mitoci masu babbar lamba, waɗanda su ne a ke bukata da dare. Rediyon da ya yi kyau cikin Janairu bai tabbata ba sai an ji shi cikin Agusta.

Na uku, nisa. Tsakanin gunduma da fada sau da yawa mil 30 ne zuwa 100. Wannan nisa ya wuce inda saƙo ya ke kaiwa ta bin ƙasa, bai kuwa kai inda saƙon doguwar eriya ta tsaye ya ke sauka ba. Sai a ji tasha mai nisan mil 1,000 sarai, a kasa jin maƙwabci. Maganinsa eriya ta kwance wadda ba ta da tsawo daga ƙasa, mai harba saƙo sama tsaye ya zubo kewaye, tare da mitoci masu babbar lamba. In ba a sa irin waɗannan mitoci cikin layukan ba, dabarar ba ta da abin zaɓa.

9. Gwaji na uku: a fili, da aikin malami

Gani ya kori ji. In hukuma ta kawo irin wannan rediyo gunduma, ya kamata a gwada shi a inda zai zauna, da eriyar da zai yi aiki da ita, a hannun wanda zai riƙe shi, a bisa mitocin da lasin ya yarda. A kira fada sau ɗaya ko wace sa'a, dare da rana, har kwana 7, watau kira 168, fada kuma ta yi ta kira kamar haka. A yi da rani, a sake da damina.

Malamin Hakimi ya buɗe littafi, ya ja gida gida kamar haka: kwanan wata, lokaci, wanda ya kira, ko magana ta haɗu, layin da ta haɗu a kai, daƙiƙa nawa ta ci, makin da rediyon ya nuna, yadda murya ta fita, ko sarai, ko da ƙyar, ko ba a ji ba, halin gari, ko da hadari ko babu, da ƙarfin batir.

Akwai abu uku da malami zai kiyaye. Kiran da bai haɗu ba ya rubuta shi kamar wanda ya haɗu, gama shi ya fi amfani ga masu gyara, littafin da ba gazawa a ciki kuwa ba a yarda da shi. Kada ya tsallake sa'o'in asuba da na magariba, domin a nan sama ta ke juyawa, a nan kuma gazawa ta fi yawa. Kada kuma ya haɗa gidan haɗuwar magana da gidan fitar murya, domin muryoyin kira suna ratsa hayaniyar da muryar mutum ba ta iya ratsawa. Ya kan yiwu rediyo ya nuna an haɗu, amma ba a gane abin da a ke faɗi. A irin wannan hali akwai gajeren saƙon rubutu, har harafi 90, wanda ya ke tafiya da muryoyin kira, ya kamata a gwada shi shi ma.

In mako ya cika, a lissafta kira nawa cikin 100 suka haɗu, a kuma lissafta na ko wace sa'a dabam. Jimla tana iya yin kyau alhali ko wace rana daga magariba zuwa lisha ba a samun kowa. Hakimin da ya san haka ya san lokacin da zai aika labari, ya kuma san abin da zai rubuta wa hukuma ta gyara, ko ƙarin layi ko sakin eriya.

10. Iyakar dabarar

Rediyon yana zaɓen layi mafi kyau cikin waɗanda su ke akwai, ba ya iya buɗe wanda sama ta rufe. In rana ta yi aman wuta mai ƙarfi, hawan ƙasa na rufin ya kan yi kauri ya shanye gajeren zango a duk gefen duniya da ke cikin hasken rana. Haka ya faru cikin watan Satumba na 2017, sa'ad da guguwar Irma ta ke ɓarna a tsibiran Karebiyan, masu aikin agaji suka rasa magana ta rediyo sa'o'i da dama. A irin wannan rana sai haƙuri, a ci gaba da kira, a kuma tura manzo in labarin na gaggawa ne. Har wa yau, maganar da ba a kulle ta ba duk mai akwatin da ya dace yana iya jinta, saboda haka asirin mulki da sunayen mutane ba a sake su a iska.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan babban gwaji, ya kamata ko wace gunduma ta riƙa kiran fada a ajiyayyen lokaci ko wane mako, a rubuta cikin littafin nan, a duba batir da igiyar eriya, a kuma koya wa mutum na biyu aikin, don ran da ma'aikaci ba ya nan tashar kada ta kurumce.

Tambayoyi domin bita

1. Don me mitar da ta kai magana da rana ta kan kasa da dare?
2. In layuka 10 ne, ana bin 2 a daƙiƙa, mene ne mafi ƙarancin tsawon kira?
3. Don me sallamar rediyon ta ke da mataki uku?
4. Waɗanne abu uku na'urar kwaikwayon sama ta ke yi wa saƙo?
5. In an tara rediyo iri 5 don gwajin jituwa, haɗi nawa za a gwada?
6. Don me malami zai raba gidan haɗuwar magana da gidan fitar murya cikin littafinsa?